Riga Mai Lamba Biyar

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Magariba

Mun ci, biyu da ɗaya, kuma a gidansu, a filin Inkil. Taurarin Yelwa sun kai wasan ƙarshe na Kofin Damina, karon farko cikin shekara goma sha ɗaya da muka kafa kulob ɗin nan. Tun ranar farko ni ne sakatare. Ni ke cike takardar sunayen 'yan wasa, ni ke riƙe katunansu, ni ke ajiye riguna, matata A'i tana wankewa tana mita. Ranar da na daɗe ina jira ke nan, ga ta ta zo, ga ni zaune da tuwo a gabana na kasa kai loma.

Ruwa ya tsuge tun kafin a tafi hutu, filin ya koma kunu. Wajen minti saba'in ɗan gabansu, Hafizu, ya tsere da ƙwallo. Mai tsaron bayanmu lamba biyar ya bi shi, ya zame, ya shiga masa. Ina can bakin layi amma na ji ƙarar, kuma ba zan rubuta yadda take ba. Alƙali ya ɗaga jan kati. Aka kwashi Hafizu a keke napep, ƙafarsa a karkace.

Mutanenmu da suka biyo mu ba su fi goma ba, saboda ruwan. A mota ba wanda ya yi waƙa.

Na miƙa wa A'i riguna. Ta duba ta ce saura ɗaya. Na ce tana wurina.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je barka gidan Jesse Bulus. Direban keke ne, shi ke ɗaukar wa wani ɗan kasuwa buhunan masara daga kasuwar Muda Lawal zuwa Inkil, kuma shi ne lamba biyar ɗinmu tun kafuwar kulob. Shekara goma sha ɗaya yana tsaron baya, ko katin gargaɗi bai cika samu ba, har yara na tsokanarsa wai sai ya nemi izini kafin ya ƙwace ƙwallo. Matarsa Ƙauna ta haihu jiya da yamma, mace, bayan doguwar naƙuda. Tun asubar jiya yana asibiti, bai gusa daga ƙofar ɗakin haihuwa ba.

Ya tare ni baki har kunne. "Malam, na ji an ci! Wa ya tsaya a wurina?"

Na ce, "Mun dai yi dabara."

"Na ji kuma an karya wani."

"Santsi ne," na ce. Na karɓi jaririya na yi ta kallonta don kada in kalle shi.

Ƙanena Mahfuz bai fito daga ɗaki ba yau. Watan jiya ya dawo daga Kaduna, bayan an rufe rajistar gasa da sati biyu. A'i ta kai masa koko, ya huce a bakin ƙofa.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan Asuba

Rigar na ƙasan akwati. Taɓon ya bushe a jikinta.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan La'asar

Madubin Mako ta fito. Jaridar da a shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa sanin akwai mu a duniya ba, yau ta ba mu rabin shafin baya. Kanun ya ce: "Ƙetar Ganganci: Jesse Bulus Na Yelwa Ya Karya Ɗan Wasan Inkil."

Daga masallaci na biya teburin Ladan mai jarida, a bakin mahaɗa. Mutum ashirin a tsaye kan kwafi ɗaya, kamar kullum, ba mai niyyar saye. Ladan ya daɗe da haƙura da mu, ya ce mu ne ke kore masa ƙuda.

Hamma ne ya fi kowa murya. Magoyin bayanmu ne na gani-kashe-ni, kuma yana cikin goman da suka je Inkil.

"Ganganci? Wane irin ganganci? Filin da ko akuya ta taka sai ta zame! Wallahi ba su yi mana adalci ba."

Ladan ya ce, "To ƙafa dai ta karye ko ba ta karye ba?"

"Ta karye. Amma karyewa daban, niyya daban."

Wani ɗalibi ya ce shi abin da ya ba shi haushi, ba a ambaci ƙwallayenmu biyu ba sai a layin ƙarshe. Wani ya ce ɗan jaridar ɗan Inkil ne ta wajen uwa. Hamma ya ce ƙarya ne, mutumin ma bai ga wasan ba, yana laɓe a baranda yana gudun ruwa, da aka tashi ya zo ya ɗauki hoton takardar sakatare da waya ya tafi. Da ya faɗi haka sai ya kalle ni, ni ma na kalle shi, sai ya koma kan maganar santsi da ƙarfi fiye da da.

Awa guda ana musu kan kalma ɗaya, ganganci. Sunan da ke kusa da ita ba wanda ya taɓa shi. Waɗanda ba su je ba ba su sani ba. Mu da muka je kuwa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Jesse ya zo da jaridar a naɗe a hannu. Na zaci faɗa zai yi, sai na ga dariya yake.

"Malam, ka ga ikon Allah? Shekara nawa ina roƙon sunana ya fito a jarida ko sau ɗaya. Ga shi ya fito ranar da ban buga ba! Ka rubuta musu su gyara kawai."

Na ce ya zauna. Na aika aka kira kocinmu Ɗanlarai, don na san ni kaɗai ba zan iya ba. Ɗanlarai ya yi masa bayani dalla-dalla. In aka gyara, kwamitin gasa zai tambayi wanda ya sa rigar. In suka ji ba shi da rajista, sun kore mu, wasan ƙarshe ya tafi. Kuma samarin Inkil a fusace suke, duk sunan da aka ba su shi za su nema.

Jesse ya daina dariya. Ya ce, "To ai yanzu nawa aka ba su."

Na ce, "Kai kowa ya san halinka. Ba wanda zai taɓa ka. Sati biyu ne kawai, ranar bakwai ga wata a buga wasan ƙarshe, washegari da hannuna zan kai musu takarda."

Ya daɗe yana murza jaridar. Daga ciki muna jin Mahfuz yana tari.

"Saboda kai ne, Malam," in ji Jesse. "Saboda kai."

Na ji daɗi da ya yarda. Wannan jin daɗin ne ya fi damuna.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan Azahar

An yi suna, Patricia. A'i ta je da zannuwa. Ni na ce kaina na ciwo.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Takardar kwamiti ta iso. An dakatar da Jesse Bulus shekara biyu daga duk wata gasa ta unguwanni, "bisa rahoton alƙalin wasa da abin da jarida ta wallafa." Ni aka ba in kai masa, tunda ni ne sakatare. Na sa ta a aljihu. Sati biyu ne kawai.

Na yi ta gaya wa kaina kowa na yin haka. Wane kulob ne a garin nan bai taɓa saka wani da katin wani ba? Hotunan katunan sun koɗe, alƙali ba ya dubawa, suna kawai yake kira a amsa. In ba wanda ya ji ciwo, ba wanda zai tuna. Na yi ta faɗa har na gaji da jin muryata.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan La'asar

Sun tare Jesse a Inkil da safe. Samari shida ko bakwai. Sun fasa gilashin keken, sun farke buhu biyu sun zubar da masara a kwata, ɗaya ya mare shi. Wani dattijo mai facin taya ne ya shiga tsakani. Ɗan kasuwar da yake wa dako ya ce ya dakata tukuna har ƙura ta lafa, ya ba wani.

Ba Jesse ne ya gaya mini ba. Ƙauna ce ta zo, jego ko sati biyu bai yi ba, da jaririya a goye. Ta ƙi zama duk da A'i ta shimfiɗa mata tabarma.

"Malam, ni ban san ƙwallo ba," ta ce. "Abin da na sani, ranar da nake tsakanin rai da mutuwa mijina yana bakin ƙofa, ina jin muryarsa yana addu'a. Yarinyar nan za ta girma. In ta tambayi inda babanta yake ranar da aka haife ta, jarida ta ce yana Inkil yana karya ƙafar mutum. Haka za mu bar mata?"

Na ce a yi haƙuri, saura kwana goma.

Ta ce, "Kwana goman, a gidanka za mu riƙa cin abinci?"

Bayan ta tafi A'i ta shiga ɗaki. Ta buɗe akwati, ta ɗauko rigar, ta ajiye mini a kan gado yadda take da taɓonta, ta fita.

Wani abu kuma da mai facin ya gaya wa Ɗanlarai. Cikin samarin akwai wanda ya ce, "Ai dama kun san su." Ba 'yan Yelwa yake nufi ba, sunan ya duba. Garin nan mun san inda irin wannan magana take kai mutane. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Juma'a, 29 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Jarida ta buga wasiƙun masu karatu. Uku sun ce a hana Jesse ƙwallo har abada, ɗaya ya ce a kai shi kotu. A teburin Ladan musu ya dawo sabo. Yanzu an rabu gida biyu, masu cewa jarida ta zuzuta da masu cewa ta ma rage. Hamma har ya kwanta a ƙasa yana nuna yadda ake zamewa, ya ɓata rigar Juma'arsa.

Sai Ladan ya ɗago. "Ku dakata. Ga sakatare nan, a gabansa aka yi. Malam Nasiruddeen, tsakaninka da Allah, jarida ta yi adalci ko ba ta yi ba?"

Ni da nake koya wa yaran aji shida cewa amsa ta zama cikakkiyar jimla, na ce, "To, kalmar ta ɗan yi tsauri."

Hamma ya ce, "Kun ji ko!" Aka ci gaba da hayaniya. Na dawo gida ta lungu.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan Asuba

Mahfuz ya rame. Jiya ya ce, "Yaya, ƙarar nan ba ta fita daga kunnena." Na ce ya yi ta istigfari. Saura kwana takwas.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan Magariba

Jesse ya zo daga coci kai tsaye, da ledar lemo da ayaba. Ya ce zai je ya gaida Hafizu ya ba shi haƙuri, don ba zai iya rayuwa ba tare da hanyar Inkil ba, kuma in raka shi.

Na ce, "Haƙurin me za ka bayar?"

Ya ce, "Na abin da aka ce na yi."

Mun tafi a kekensa, an manna leda a wurin gilashi, iska na kaɗa ta. Hafizu na gida, an yi masa ɗori, yana kwance a zauren mahaifinsa Malam Badruddeen, ƙafar a ɗaure da karare. Da 'yan dubiya huɗu ko biyar. Na gabatar da kaina, sannan na ce ga Jesse ya zo gaisuwa. Fuskoki suka canza. Jesse ya durƙusa ya ajiye ledar.

Hafizu ya ɗago kai ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"Wane ne wannan?"

Wani ya ce, "Shi ne. Jesse ɗin."

"A'a," in ji Hafizu. "Ba shi ba ne. Wanda ya taka ni dogo ne, siriri. Shi ya fara zuwa kaina. Ya ɗora kaina a cinyarsa yana ta innalillahi, yana kuka, yana cewa in yafe masa. Har alƙali ya ɗaga masa kati bai sake ni ba. Ni tun ran nan shi nake jira ya zo. Da aka ce mini sunansa Jesse na yi mamaki, na ce to, ƙila haka ake kiransa."

Jesse na durƙushe, kansa a ƙasa. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ga shaida a kwance a gabansa. Sai ya ce, "Ni dai na zo gaishe ka ne. Allah ya ba ka lafiya."

Malam Badruddeen ya juyo gare ni a hankali. "Malam, ka ce kai ne sakatare?"

Na ce ni ne.

"Kai ke rubuta sunaye ke nan."

Na ce ni ne.

Ya yi mana godiya, ya raka mu har ƙofa da kansa don kada wani ya tare mu. Daga Inkil har Yelwa ba abin da nake ji sai ƙarar leda.

Litinin, 1 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Kwana goma sha biyar ina zagaye-zagaye a littafin nan, littafin da ba mai karantawa sai ni. Bari in rubuta.

Mahfuz ne ya sa riga mai lamba biyar. Ni na ba shi. Ni na rubuta Jesse Bulus a takarda da birona, ni na miƙa katin Jesse, kuma da alƙali ya kira sunan ni na zunguri ƙanena ya amsa. Jarida ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da na rubuta ta kwafa. Ba don kulob na yi shiru ba, ba don kofi ba. Na ga za a nemi wani ne, na zaɓi a nemi ɗan wani ba ɗan uwata ba.

Na gaya wa Mahfuz abin da Hafizu ya ce. Ya tashi ya hau neman takalmansa. Na ce ya jira in gama wasiƙa biyu, ɗaya ga kwamiti, ɗaya ga jarida.

Ɗanlarai ya zo ya yi ta faɗa, wai kwana shida kacal ya rage, na kashe wahalar yara ashirin. Gaskiya ya faɗa. Na ce ya yi haƙuri, na sa hannu.

Talata, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Mun je Inkil ni da Mahfuz. Tun daga ƙofar zaure Hafizu ya ce, "Yauwa, wannan ne." Mahfuz ya zube yana kuka. Na bar su, na fita waje wurin samarin da suka taru, na faɗa musu da bakina. Ɗaya ya zage ni, zagi mai kyau, na tsaya na saurara har ya gama. Malam Badruddeen ya ce gobe waɗanda suka fasa keke za su je Yelwa su ba da haƙuri. Ban sani ba ko za su je.

Laraba, 3 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

An kore mu daga gasa. Inkil za ta buga wasan ƙarshe. An janye dakatarwar Jesse, an ɗora wa Mahfuz, ni kuma an hana ni riƙe kowane muƙami. Na wanke rigar da kaina, sai da na canza ruwa uku.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan Magariba

Gyaran ya fito. Layi biyar ne a shafi na goma sha huɗu, a ƙarƙashin tallan takin zamani, sai ka sa ido za ka gan shi. Ya ce Jesse Bulus bai buga wasan ba, yana asibiti matarsa na haihuwa, kuma sakataren kulob, Nasiruddeen, shi ya shigar da sunansa a madadin wani.

A teburin Ladan an sami sabon abin musu. Wasu na cewa ƙaryar ta ci rabin shafi, gaskiya ta sami layi biyar, ina adalci a nan. Hamma kuwa, da ya ga na iso, ya ɗaga murya don in ji: "Me ya sa za su buga sunan Malam? Kowa na yin haka a garin nan! Ba su yi masa adalci ba."

Na ce, "Sun yi, Hamma."

Ladan ya ce yau ya ga abin mamaki, Jesse ya zo da sassafe ya sayi kwafi biyu, saye na gaske.

Na goge rigar, na naɗe ta a leda, na tafi gidansa. Na same shi yana wanke keke. Ya yanko layi biyar ɗin ya manna a bayan kujerar direba, inda fasinja zai gani. Ya ce ɗayan Ƙauna ta haɗa da katin haihuwar Patricia ta adana. Ɗan kasuwar bai kira shi ba tukuna.

Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Ya kawo mini kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi lafiyar A'i. Sannan na miƙa masa ledar. Ya buɗe ya ga lambar, ya shafa ta da yatsa, ya mayar ya naɗe yadda take.

"Malam, ka ajiye," ya ce.

Na ce taka ce, shekara goma sha ɗaya taka ce.

"Na ɗauka haka," ya ce. Ya ɗauki tsummansa ya koma kan keke.

Na dawo da ita gida. A'i ta karɓa ta haɗa da sauran, ta duba, ta ce yanzu sun cika.